Na cire saniya daga sitikar yogot ɗina, yanzu ana cewa jabu nake kawowa

Maman_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka fi ni sanin kasuwa. Shekara uku ke nan ina yin yogot a gida nan Anguwar Rogo, ina kai wa shaguna goma sha ɗaya, daga Bauchi Road har Farin Gada. Tun da na fara, sitikar da nake mannawa a jikin gora hoton jar saniya ce a cikin shuɗin zobe. Wani yaron maƙwabta mai taɓa kwamfuta ne ya haɗa mini kyauta, ƙafar saniyar ta baya ma ta fi sauran tsawo. Watan jiya ƙanina da ke jami'a ya ce wannan abin kunya ne, ya yi ta damuna har na biya wani mai zane dubu talatin da biyar ya yi mini sabon tambari. Babu saniya, sai harafin farko na sunan kayan da ɗigon madara a samansa, fari da ruwan gwal. Wallahi ya yi kyau, sai ka ce kayan babban kanti.

Sati biyu da fara kai sabon, masu shago huɗu suka dawo mini da kaya. Wai mutane suna cewa "ba shi ba ne, a ba mu mai saniya." Wata ma ta sha ta ce wannan ya fi tsami kuma ruwa ya yi yawa. Alhali madara ɗaya, tukunya ɗaya, hannuna ɗaya. To mutane yogot suke sha ne ko hoto? In koma wa saniyata ko in daure?

Dan_Terminus
Wa'alaikumussalam. Hajiya ki koma wa saniyarki tun kafin wani ya kora ta garkensa. Magana ta ƙare.

Baba_Katako
'Yata, Allah ya sa albarka a nema. Ni na zauna a shago a babbar kasuwar Jos tun kafin gobarar 2002, bayan gobara na dawo Katako. A duk tsawon shekarun nan ba kasafai mai saye ya zo ya kira mini sunan kamfani ba. Cewa zai yi ba ni magi mai tauraro, ba ni batir mai kan damisa, ba ni madarar gwangwani mai bishiyar kwakwa. Tela ya zo sayen keke ya ce mai malam-buɗe-littafi yake so. Ko banki, dattawanmu cewa suke mai giwa ko mai doki. Mutumin da ya taso daga Toro ko Mangu ko Saminaka da saƙon matarsa, bai iya karatun boko ba, abin da ta nuna masa a jikin tsohon gwangwani shi zai nema. Yaron da uwa ta aika da ɗari biyar ma haka. Ke kin ɗauka sunan da kika rubuta shi ne sunan kayanki, amma mutanen gari sun riga sun raɗa masa suna: mai saniya. Kin yanka saniyar, to wa za su kira?

Ummu_Sudais
Baba ya gama magana. Ni kaina ban san sunan yogot ɗin da nake saya wa yarana ba, murfin kore kawai na sani.

AbuHanif_Rikkos
Ni dai ban yarda ba. Ana ba wa hoto girman da ba nasa ba. Abu in yana da kyau shi ke sayar da kansa. Ku dubi layin 0802: Econet ne a 2001, ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. Suna biyar, launi daban-daban, tambari daban-daban cikin shekara goma, kuma mutane ba su watse ba. Maman Ilham, ki bincika da kyau, wataƙila firij ɗin masu shagon ne ba wuta, yogot ɗin ya yi tsami da gaske, kike ɗora wa sitika laifi.

Injiniya_Bukuru
@AbuHanif_Rikkos misalinka bai zauna ba, Malam. Kafin 2013 ba ka da damar barin kamfani ka tafi da lambarka, sai a shekarar aka fara tsarin sauya layi da lamba ɗaya. Wanda duk 'yan uwansa da abokan cinikinsa suka haddace lambarsa ina za shi? Lamba ce ta riƙe shi. Gorar yogot kuwa babu abin da ya ɗaure mutum da ita, ga wasu biyar a jere a firij ɗin. Kuma ka tuna kuɗin da aka riƙa kashewa duk lokacin da sunan ya canza: fentin shaguna, lema ta masu sayar da kati, talla a rediyo safe da yamma, duk don a ce wa mutane mu ne dai. Ita Hajiya wa ta gaya wa?

AbuHanif_Rikkos
Na karɓi gyara a kan lamba. Amma batun firij ina nan a kan bakana.

Zee_Zane
Bari in sa baki tunda sana'ata ce ake yanka. Sabon tambari ba laifi ba ne, yadda aka yi canjin ne ya zo da matsala, kuma laifin mai zanen ya fi na Anti yawa. Kafin ka taɓa alamar kayan da suka shekara uku a kasuwa, tambayar farko ita ce: da me mutane ke gane ka? Abin da suka ambata shi ne ba a taɓawa, sauran a gyara. Ku kalli First Bank da suka sabunta tambari a 2014 lokacin cikarsu shekara 120, sun sauya fasali amma giwa tana nan. Union Bank suka yi nasu a 2015, doki yana nan. MTN suka rage kwalliyar nasu a 2022, amma ba su yi gangancin barin ruwan ɗorawa ba, don ko daga nesa ka hango lema mai wannan launi ka san ko ta wane ne.

Waɗanda suka yi irin na Anti kuma manya ne ma. Kamfanin lemon kwali na Tropicana a Amurka, a farkon 2009, ya cire hoton lemon da aka soka wa tsinken zuƙa daga jikin kwalinsa, ya sa kofi da rubutu na zamani. Cikin wata biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari, dole suka dawo da tsohon. Kamfanin tufafi na Gap ya canza nasa a 2010, mako ɗaya bai cika sosai ba ya janye saboda surutun jama'a. Da ni aka kawo wa aikin, ƙafar saniyar zan daidaita, in gyara rubutun, in bar ja da shuɗi yadda suke.

Dan_Terminus
Wato dubu talatin da biyar ɗin kuɗin gyaran ƙafa ne 😂 ko ɗori a asibiti bai kai haka ba.

Zee_Zane
Yi dariya. A 1971 wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana alamar Nike, dala 35 aka biya ta. Yau ba sai an rubuta suna a jikin takalmin ba, lanƙwasar kaɗai ta isa.

AbuHanif_Rikkos
To ai kin taimaka mini, ƙanwata. Ranar da ta zana shi lanƙwasa ce kawai wadda ba ta nufin komai. Takalmin da 'yan wasan da suka sa shi ne suka cika ta da ma'ana. Tambari buhu ne, abin da ka zuba shi za a tarar.

Nanret_K
Sannunku. Ina so in koma kan matar da ta ce ya fi tsami, don na ga ana neman a mai da ita maƙaryaciya ko a ɗora wa firij. Mai yiwuwa tsamin ta ji da gaske a bakinta, ko da yogot ɗin bai canza ba. A 2007 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada yara 63 'yan shekara uku zuwa biyar. Aka ba kowane yaro abinci iri ɗaya kashi biyu, ɗaya a naɗe a takardar McDonald's, ɗaya a takarda marar rubutu. Yawancinsu suka ce na cikin takardar kamfanin ya fi daɗi, har da karas da madara. Ido ne ke fara ɗanɗanawa kafin harshe. Matar nan ta ɗauki gorar tana zargi, ta kurɓa tana neman aibu, yogot kuwa dama da ɗan tsaminsa, sai ta same shi.

A wurin aikinmu muna ganin haka kullum. Magani ɗaya, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma in kwalin ya bambanta da wanda tsohuwa ta saba, za ta dawo ta ce wannan bai karɓe ta ba.

Hajiya_Mai_Atamfa
Nanret kin tuna mini. Ku zo ranar kawo lefe ku ga aiki. Kafin a dubi zanen atamfa an juya gefenta ana neman hatimi, a ga Holan ce ko Sufa ko ta China. Shadda kuma a nemi tambarin Getzner. Na taɓa ganin turmi mai kyau, kauri da launi ba laifi, aka ture shi gefe don sitikar ta ɓalle a hanya. Wani kuma da bai kai shi ba aka yi ta guɗa a kansa saboda takardar gwal na manne. Su masu kwaikwayo sun fi kowa sanin haka, shi ya sa wani lokaci sitikar jabu ta fi ta asali ƙyalli.

Dan_Dilimi
Mu a harkar waya abin har dariya yake ba ni. Mutum ya zo ya ce shi ba ya riƙe itel, ƙaramar waya ce, a ba shi Infinix. Wani ya rantse Tecno ta fi su duka. Alhali ukun nan gida ɗaya suka fito, kamfanin Transsion na Shenzhen a China. Ba na ce ingancinsu ɗaya ba, kowace da ajinta da kuɗinta, amma gardamar da ake yi kamar ta 'yan ƙwallo ba a kan abin da ke ciki ake yin ta ba. Masu iPhone kuma sai sun nemi kwandon waya mai haske ko mai rami a baya don kada tuffar ta ɓuya. Akwai yaron da ya zo neman sitikar tuffa zai manna wa wayar da ko kusa ba ita ba ce. Na sayar masa, ina ruwana.

Direba_504
Mu zakin Fijo ne ya rene mu, tun ana haɗa ta a Kaduna daga 1975. Har gobe in na je sayen kayan gyara na ga zaki a kwali sai hankalina ya kwanta, duk da sau biyu ana cusa mini jabu a cikin kwali mai zaki. Zuciya ba ta jin wa'azi.

Comrade_Gangare
Ku bar batun kaya ma. Ranar zaɓe me ake gaya wa tsofaffi? A dangwala wa lema, a dangwala wa tsintsiya. Wa ke karanta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a?

Baba_Katako
Ai wannan tsohon abu ne, ɗana. Iyayenmu fartanya suka sani ta NPC da tauraron NEPU. Mu muka zo zamanin gida da masara na NPN da mabuɗin PRP. A 1993 doki da mikiya.

Comrade_Gangare
To Baba tsakanin lema da tsintsiya wanne ya fi yi wa talaka...

Admin_Sadiq
Comrade, dakata nan. Dokar gida ba siyasa. Baiwar Allah ta kawo matsalar sana'arta, a taimaka mata. Wanda ya ƙara zan goge.

Malam_Nasarawa
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Tambari yana iya jawo mutum, yana kuma iya korarsa saboda abin da ya gani ko ya zaci ya gani. A 1997 Nike ta janye takalma kusan dubu 38 daga kasuwa saboda wani zane mai kamar harshen wuta a dunduniya da Musulmi suka ga ya yi kama da sunan Allah da Larabci. Muna yara kuma an yi ta yawo da maganar cewa in ka sa rubutun Coca-Cola a madubi zai ba da kalmar ɓatanci, har sai da Muftin Masar ya duba a 2000 ya ce babu wannan magana. Amma ni na san gidajen da suka daɗe ba su saya ba. A garin nan namu kuma da kowa ke lura da alama, mai sana'a ya yi hattara da abin da zai sa a kayansa, kada ya zana abin da zai sa rabin gari su ce wannan ba namu ba ne. Saniya dai ba ta da ɓangare, kowa na shan nono.

Madridista_Jos
Gaskiya ne Malam, ko Real Madrid an cire ɗan gicciyen da ke saman kambinta a katin wani banki na Abu Dhabi a 2014. Kasuwa ba ta son rigima.

Dung_P
Ni a Legas nake aiki yanzu. Ranar da na shiga kanti na ga kwalin konfilas na NASCO a kan kanta, ban ma duba farashi ba na ɗauka. Ba wai na gwada shi da sauran na ga ya fi ba. Kamfanin yana Jos tun 1963, mun taso muna wucewa ta gabansa a Yakubu Gowon Way muna shaƙar ƙamshin biskit. Gida na gani a kwalin. Maman Ilham, saniyarki mai doguwar ƙafa ta fara zama haka ga yaran unguwarku, ke ce ba ki sani ba.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. @AbuHanif_Rikkos na je shago biyu da kaina jiya na ɗanɗana, lafiyarsa ƙalau, ɗaya ma sola gare shi. Damuwata yanzu na riga na buga sabuwar sitika guda dubu biyu, kuɗi ne ba kaɗan ba. Kuma gaskiya akwai wani kanti a Rayfield da da can suka ƙi karɓar kayana, suka ce sitikar ba ta dace da kantarsu ba. Da na kai sabon sun karɓi katan biyu. Shi ya sa na rasa inda zan sa kaina.

Zee_Zane
Ka ji ko! Wato sabon ma yana aikinsa, wasu mutane daban yake yi wa magana. Fari da ruwan gwal yana cewa ni mai tsada ne, mai tsabta. Jar saniya tana cewa ni na gida ne, kun san ni.

Injiniya_Bukuru
To ki riƙe biyun mana. Peak da Three Crowns kamfani ɗaya ke yin su, FrieslandCampina WAMCO, kowanne da masu sayensa. Toyota ma da ta so shiga kasuwar masu kuɗi ba ta manna tambarinta ba, Lexus ta ƙirƙiro. Mai saniya ya zauna a unguwa, mai gwal ya tafi Rayfield da ƙarin naira ɗari biyu.

Ummu_Sudais
Abu ɗaya farashi biyu? Wannan ba yaudara ba ce, Injiniya?

Injiniya_Bukuru
In ta ƙara kauri ko ta canza gora ai ba abu ɗaya ba ne. Kuma kuɗin mota zuwa Rayfield wa zai biya?

Barista_H
Hajiya, kafin a kai ga biyu ko ɗaya, tambaya: kin yi wa saniyar rajista? Mutane da yawa suna zaton in sun yi rajistar sunan kasuwanci a CAC sun gama. Wancan sunan sana'a kawai ya kare. Tambari ofishinsa daban, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Kayayyaki an kasa su aji-aji, madara da yogot suna aji na 29. Rajistar farko shekara bakwai take yi, bayan nan ana sabuntawa duk shekara goma sha huɗu. Abin da Dan_Terminus ya faɗa da wasa a sama shi ne haɗarin gaske: kin bar saniya, mutane suna yawo suna neman mai saniya, gobe wani ya buga jar saniya a shuɗin zobe ya cika firij ɗin da kika bari. Za ki iya kai ƙara ko ba rajista, a kan ya sayar da kayansa da rigarki, amma shari'ar ta fi wuya da tsada, sai kin kawo hujjar cewa ke aka sani da alamar. Ki adana tsofaffin sitiku da rasiɗan bugawa da hotuna masu kwanan wata.

Na biyu, in kina da lambar NAFDAC, da wata sitika aka ba ki ita. Ki leƙa ofishinsu ki sanar da su canjin, kuma kada ki ɗauki lambar kaya ɗaya ki manna wa sabon suna yadda Injiniya zai so.

Injiniya_Bukuru
Barista ni ban ce a karya doka ba fa 😅

Dan_Dilimi
Maganar Barista gaskiya ce. Ku dubi Abibas da Adibas da suka cika gwanjo da kasuwa. Ba wanda ke kwaikwayon abin da ba a nema.

AbuHanif_Rikkos
Har yanzu dai ina ganin mun zagaya mun dawo kan maganata. Ba don yogot ɗin na da daɗi ba, da ba wanda zai nemi saniya ko da ƙafa shida gare ta. NEPA ta koma PHCN a 2005, daga baya aka raba ta ga kamfanoni, an canza suna an canza tambari, amma in fitila ta kama yara har yau NEPA suke ihu. Abin da mutum ya sani a jikinsa fenti ba ya goge shi.

Nanret_K
Malam AbuHanif, ai misalin nan naka ya fi goyon bayan Baba. Sunan da jama'a suka riƙe shi ne suna, ko mai abu ya so ko ya ƙi.

Baba_Katako
Ku biyun kuna jan igiya ɗaya ne ta baki biyu. 'Yata, ga dabarar 'yan kasuwa, ba ta masu digiri ba. Kada ki zubar da dubu biyun. Ki je a buga miki ƙaramar saniya zagayayya, girman murfi, ki manna a kan murfin kowace gora. Mai neman saniya ya gan ta, idonsa kuma yana sabawa da sabon. Ki ba masu shago gora ɗaya ɗaya kyauta su sha a gabanki, don bakin mai shago ya fi kowace sitika. In ya ce "shi ne, riga ya sake," an gama. Bayan wata uku ki ga wanne mutane ke kira.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ni kuma da ni ce, gwal ɗin zan mayar kan murfi, saniya ta koma gaba inda take. Ba a mai da uwar gida 'yar rakiya.

Maman_Ilham
Sabon labari. Na bi shawarar Baba, na buga ƙananan saniya ɗari biyar na manna a murfi. Shago uku cikin huɗun sun karɓa, na Farin Gada har ya ƙara oda. Na huɗun ya ce shi sai tsohuwar gora sak, wai kwastomominsa 'yan makaranta ne ba sa duba murfi. Na kantin Rayfield kuma sun kira sun ce in daina sa musu saniyar a kai, tana ɓata tsarin. Ƙanina ya daina yi mini magana a kan batun. Barista zan neme ki ta akwatin saƙo kan rajistar.

Dan_Terminus
Hajiya tambaya ɗaya ta rage. Ƙafar fa, an daidaita ko tana nan da tsawonta?

Maman_Ilham
Tana nan. Mai bugawa ya so ya gyara, Ilham ta sa kuka ta ce ba saniyarmu ba ce in an rage.